Yadda za ka gane tarkon tallan tabar lantarki kafin ya kama ka a jami'a

In ka tambayi ɗalibin jami'a mai zuƙar tabar lantarki, wacce suke kira vape, ko talla ne ya ja shi ya fara, wallahi dariya zai maka. Zai ce shi bai taɓa ganin tallanta ba ma, abokin ɗakinsa ne ya miƙo masa a wajen wani biki ya ɗana ya ji ƙamshin mangwaro, shi kenan. Kuma ba ƙarya yake ba, iya abin da idonsa ya gani kenan. Amma shi abokin a ina ya gano ta, wa ya zaɓi kalar nan mai ɗaukar ido, wa ya ce a zuba filebon mangwaro maimakon warin taba, wa ya sa ta zama 'yar ƙarama yadda za ta ɓace a tafin hannu ko a aljihun jaka, duk wannan fa aikin wasu mutane ne da ake biya albashi su zauna su yi nazarin abin da ɗan shekara 19 yake so. Tallan da ya fi kama mutum shi ne wanda bai san talla ba ne, don haka abin da zan nuna maka a nan shi ne yadda za ka riƙa gane shi duk rigar da ya sako.

Fara da sanin inda salon ya samo asali, don a Amurka aka gwada shi aka ga yana ci kafin ya bazu. A can tun farkon 1971 aka hana tallan sigari a talbijin da rediyo, a 1998 kuma manyan kamfanonin taba suka sa hannu a yarjejeniya da jihohi cewa sun daina manyan allunan talla na bakin titi da amfani da 'yan katun. To sai ga sabon abu, wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙera tabar lantarki irin ta yanzu a 2003, kuma tsofaffin dokokin can ba su ambace ta ba tunda lokacin da aka rubuta su babu ita. Nan take ƙofar da aka rufe shekara arba'in ta sake buɗewa, kamfanin tabar lantarki mai suna blu ya ɗauko 'yan fim irin su Stephen Dorff da Jenny McCarthy suna busa hayaƙi a talbijin a 2012 da 2013. Sai wani kamfanin mai suna Juul ya shigo a 2015 ya nuna wa kowa iyawa. Waɗanda suka kafa shi, Adam Bowen da James Monsees, su kansu a jami'ar Stanford suka haɗu, sun san ɗalibai ciki da waje. Tallansu na farko matasa ne 'yan gayu cikin kaloli masu haske suna rawa suna dariya, aka yi bikin ƙaddamarwa a Niyok, aka riƙa shirya taruka ana raba ta kyauta, hotunan kuma suna yawo a Instagram da Twitter. Sakamakon? Binciken da jami'ar Michigan ke yi duk shekara ya nuna ɗaliban jami'a da suka zuƙi nikotin ta wannan hanya a cikin wata ɗaya sun tashi daga kusan kashi 6 cikin 100 a 2017 zuwa kashi 22 a 2019. Shekara biyu kacal. Ba wai yaran ne suka lalace dare ɗaya ba, kuɗi aka zuba.

A ƙarshen 2018 Juul ya rufe shafukansa na Facebook da Instagram da matsin lamba ya yi yawa, amma a lokacin ai ba ya ma buƙatarsu, yaran da kansu ne ke ɗora bidiyo suna masa tallan kyauta. A 2022 ya amince zai biya dala miliyan 438.5 ga jihohi sama da 30 kan zargin tallata wa matasa.

To abu na farko da za ka koya wa kanka, kuma shi ne ya fi komai aiki: duk inda ka ga tabar lantarki ta bayyana a waya, ka tsaya daƙiƙa biyu ka tambayi kanka wa ya biya, wa zai ci riba. Ɗauki irin bidiyon da ka saba gani. Yarinya ce ko saurayi mai tashe a TikTok, tana gaban madubi tana kwalliya za ta fita, waƙa na tashi, ba ta ce komai kan taba ba, amma ga abin nan ruwan hoda a ajiye kusa da turare, sunan kamfanin yana kallon kyamara daidai wa daida, can tsakiya ta ɗauka ta ja sau ɗaya ta ajiye kamar ba komai. Ka lura da kyau, abin da mutum ya ajiye da ka ba ya juya sunansa ya fuskanci kyamara a kowane bidiyo. Ka leƙa ƙasan bidiyon ko bayanin shafinta, sau da yawa za ka ga an sa sunan wani shago, ko wata kalma da aka ce ka faɗa a rage maka kuɗi, ko a ce a turo saƙo ta inbos. Wannan kalmar ragin ita ce rasit ɗinta, da ita shagon ke ƙirga mutum nawa ta kawo a ba ta kasonta. Instagram ya hana masu tashe karɓar kuɗi su tallata tabar lantarki tun ƙarshen 2019, shi ya sa yanzu ba a fitowa fili a ce talla ne, sai dai a ajiye ta a gefe kamar kayan ado.

Haka rabon kyauta, a ce ka yi folowin ka kira abokai uku ka ci guda ɗaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ba ka ta farko kyauta ya san lissafinsa, nikotin ne zai dawo masa da kai ka sayi ta biyu da ta goma da kuɗin da aka turo maka na handawut.

Akwai ma wanda ya fi wannan wayo. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yadda masu sayar da tabar lantarki a Amurka ke ba ɗalibai tallafin karatu, daga dala 250 har 5,000, sharaɗin kawai ka rubuta maƙala, wasu a kan amfanin tabar lantarkin ma, kuma sanarwar ta hau shafukan manyan jami'o'i har da Harvard. Ka ga an jefi tsuntsu biyu, ɗalibi ya zauna da kansa yana nemo hujjojin da za su gamsar da shi, shagon kuma ya samu sunansa a shafin jami'a wanda ke ɗaga shi sama a Google. In kana kallon tseren motoci na Formula 1 ka ga sunan Vuse (tabar lantarki) ko Velo ('yan ƙunshin nikotin) a jikin motar McLaren, na British American Tobacco ne, wato BAT, kamfanin nan dai mai masana'antar sigari a Ibadan. Shi kuwa Juul, kamfanin Altria mai sigarin Marlboro a Amurka ya sayi kashi 35 cikin 100 nasa kan dala biliyan 12.8 a Disambar 2018. Ina faɗa maka wannan ne don in wani ya ce maka ai tabar lantarki yaƙi take da kamfanonin sigari, ka san kuɗin da yawa aljihu ɗaya yake komawa.

Abu na biyu, ka daina kallon abin da tallan ya nuna, ka nemi abin da ya ɓoye. Za a nuna maka kankana da ƙanƙara, da kala, da hayaƙi mai yawa, da yawan zuƙa da aka rubuta ƙato a kwali, 5000 ko 10000, yanzu har da 'yar fuskar da ke nuna cajin batir. Abin da ba za a sa a gaba ba shi ne nikotin, alhali shi kaɗai ne hajar, sauran duk kwalliya ce. Wani bincike na ƙungiyar Truth Initiative a 2018 ya gano kashi 63 cikin 100 na matasan da ke shan Juul, 'yan shekara 15 zuwa 24, ba su san cewa kullum akwai nikotin a cikinta ba. Suna sha fa, ba wai labari suka ji ba.

Don haka ka juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun, ka yi lissafi da kanka, ba wuya. In an rubuta 5% ko 50mg, ma'anarsa kowane mililita ɗaya na ruwan yana ɗauke da miligiram 50 na nikotin. Sai ka nemi yawan ruwan, a ce 10ml, ka ninka, miligiram 500 kenan a cikin ɗan abin da bai kai girman kwalbar turare ba. Don ka gane girman lambar, kwanson Juul ɗaya, wato ɗan mazubin ruwan da ake cusa mata, yana da wajen miligiram 40, kuma kamfanin da bakinsa ya ce ya yi daidai da kwalin sigari mai kara 20. Kenan wacce ke hannunka ta kai irin wannan kwanso 12. Ba duka ne ke shiga jini ba, gaskiya ne, amma ka duba yadda wasu ke ƙarar da ita cikin sati ɗaya ko biyu suna kwance a gado suna danna waya. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a wuce miligiram 20 a mililita ba, in ka ga mai 50 a kasuwarmu ka san irin wacce ba za ta sayu a shagon can bisa doka ba ce. Ingila ma ta hana sayar da masu yarwa bayan an gama tun 1 ga Yunin 2025, Indiya kuwa tun 2019 ta haramta tabar lantarki gaba ɗaya, wannan ya kamata 'yan uwanmu masu karatu a can su sani kafin su sako ta a jaka.

Me ya sa ba ta shaƙe ka kamar sigari duk da wannan ƙarfin? Saboda an haɗa nikotin ɗin da wani asid ya zama abin da suke kira gishirin nikotin, yana wucewa maƙogwaro sumul ba kaushi, ga zaƙi ga sanyin minti. Tarin da sigari ke sa sabon shiga shi ne jiki ke cewa a'a, su kuma sun cire tarin. Kuma don Allah kar wani ya ce maka tururin ruwa ne kawai. A kwalin za ka ga PG da VG, wato wani sinadari da gilisarin, su ake dafawa a kan wata 'yar waya mai zafi tare da filebo, kuma an sha samun ɓurɓushin ƙarafa irin su nikel da dalma a hayaƙin.

Sai maganar da aka fi kafa hujja da ita, wai ta fi sigari sauƙin illa da kashi 95. Lambar daga hukumar lafiya ta Ingila ta fito a 2015, masana sun yi ta jayayya a kanta, amma ko mu bar jayayyar, tambayar da za ka yi ita ce an kwatanta da wa. Da mai shan sigari aka kwatanta. Mutumin da ya shekara 20 yana busa kwali guda kullum, in ya koma tabar lantarki gaba ɗaya ya bar sigarin, akwai hujja mai ƙarfi cewa ya rage wa kansa illa, kuma tana taimaka wa wasu su daina, ba zan ɓoye maka wannan ba. Amma kai da ba ka taɓa sa kara a baki ba, da iskar Allah za a kwatanta maka, kuma a nan ba abin da ka rage, ƙari ka yi. Dabarar tallan kenan, a ɗauko maganar da aka yi domin baba mai shan sigari a liƙa ta a hoton 'yar shekara 20. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta gama girma sai wajen shekara 25, shi ya sa nikotin ya fi saurin kama 'yan aji ɗaya da aji biyu fiye da manya.

Ka kula da lokacin jarabawa musamman, don a nan ne maganar wai tana kwantar da hankali ke shiga kunne. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne nikotin in ya ragu a jini bayan awa ɗaya ko biyu sai ka ji ƙunci, ka kasa tattara hankali a kan littafi, ka ja, ƙuncin ya tafi, sai ka ce ai ta taimake ni. Ƙuncin da ita ta kawo shi ta ɗauke, ta mayar da kai inda abokinka da ba ya sha yake tun safe ba tare da ya biya ko sisi ba. Ga shi tana hana barci mai kyau in ka ja da dare.

Yanzu gyaran waya, wannan minti goma ya ishe ka. Injin da ke zaɓo maka bidiyo ba ruwansa da ko kana so ko kana ƙi, tsayawarka yake aunawa, don haka kar ka tsaya kallon masu wasa da hayaƙi har ƙarshe, kar ka shiga kwament ka yi musu wa'azi ko zagi, duk ƙara musu kasuwa kake kuma gobe za a ƙaro maka irinsu. Danna ka riƙe bidiyon ka zaɓi ba ka sha'awa, shagon ka yi masa bulok, in talla ne ƙarara ka kai rahotonsa. A TikTok da Instagram akwai wajen da za ka rubuta kalmomin da ba ka son gani, sa sunan abin da sunayen kamfanonin irin su Elf Bar da Lost Mary. A wajenmu kuma kasuwar ta fi ci a sitatus na WhatsApp da Snapchat, ɗan ajinku ne ko wata a hostal ke ɗora hoto da an kawo sabon kaya, akwai kai wa har ƙofa. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana tallan taba da sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma mai sitatus ba ya tambayar kowa shekarunsa. Ba sai kun yi faɗa ba, ka kashe sitatus ɗinsa kawai yadda ba zai riƙa fito maka ba, ba zai ma sani ba.

Wanda ya fi wuya shi ne hannun aboki, don duk kuɗin da kamfani ya kashe burinsa ya ƙare a nan, a ce maka kai ɗan ja mana sau ɗaya, ba taba ba ce fa, kamar shisha ce. Ka tanadi amsarka tun kafin ranar, gajeriya, wacce ba ta buɗe ƙofar musu. Bar shi kawai, ba na yi. Ko ka ce ƙirjina ba ya so. Kar ka fara kawo dalilai da lambobi a tsakiyar mutane, za a mayar da kai abin tsokana kuma mai dogon bayani shi ake shawo kansa. Kar ka karɓa ka riƙe wai kana duba kala ko kana shinshina filebo. Ke ma 'yar uwa wannan ya shafe ki sosai, don macen da ba za ta taɓa riƙe karan sigari ba saboda wari da surutun mutane za ta iya ɓoye wannan a jaka ba wanda ya ji, ga shi ana yin su da kalar jambaki da sunayen alewa. In kuwa wani shago ya zo ya ce kana da jama'a, ka zama wakilinmu a makaranta a riƙa ba ka kaso, ko kuna shirya bikin sashe ko na ƙungiyar ɗalibai suka ce za su ɗauki nauyin makaɗi su kafa tebur a gefe, ka gane abin da suke saye shi ne yardar da abokanka suka yi maka.

In kuma ka riga ka fara, to ba abin zagi ba ne, gwada kanka tukuna. In ka farka da safe minti nawa kake yi kafin ka laluba ta? Kana iya zaman lakca ta awa biyu ba ka fita banɗaki ka ja ba? In cajinta ya ƙare da dare kana jin hankalinka ya tashi? In amsoshin ba su maka daɗi ba to ta kama ka, kuma batun wai ina so zan bari duk ranar da na ga dama, ka sa ranar mu gani. Zaɓi rana cikin sati biyu masu zuwa, ba satin jarabawa ba, hutun samista ya fi, ko azumi tunda dama kana yini ba ka ja ba, sai dai ka yi hattara da bayan shan ruwa don nan ne mutane ke ramawa. Daren ranar ka rabu da ita da cajar da duk wata ajiya, kar ka bar ta ko-ta-kwana a ƙasan akwati. Kwana uku na farko su ne masu zafi, ciwon kai, saurin fushi, yunwa, rashin barci, daga nan yana sauka a hankali cikin sati biyu zuwa huɗu. Ita sha'awar in ta taso 'yan mintoci take yi ta lafa, ka tashi daga inda kake, ka sha ruwa, ka tauna cingam ko asuwaki, ka taka zuwa masallaci ko filin ƙwallo. Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, ka kuma roƙi abokan ɗaki kar su ja a gabanka ko su ba ka ko da ka roƙa.

In ka gwada ka koma, ka je asibitin makaranta ko wajen mai kemis na gaske wanda ya karanci aikin, ka faɗa masa ƙarfin da kake sha da kwana nawa take maka, akwai cingam da filastar nikotin da ake rage su mataki-mataki, akwai kuma ƙwayoyin da likita ne kawai ke rubutawa. Kar ka maye gurbinta da sigari ko shisha ko 'yan ƙunshin nikotin da ake cusawa a leɓe, duk gida ɗaya ne. Kuma ko kana sha ko kana ƙoƙarin bari, ka guji duk wani ruwa da aka ɗura a gida ko aka ce an haɗa da wiwi, irin wannan ne mai haɗin man bitamin E ya kwantar da mutum sama da 2,800 a asibiti a Amurka tsakanin 2019 da farkon 2020, 68 suka mutu. In ka ji numfashi yana maka wuya, ko ciwon ƙirji, ko tari da zazzaɓi da amai bayan kana ja, kar ka tsaya shan fanadol a ɗaki, ka tafi asibiti ranar, ka ɗauki abin da kake ja ka nuna wa likita.